Ƙarangiya a Bolton

Ƙarfe uku da kwata na dare.
Misis Holroyd ta yi barci a ɗaki na tara,
haƙoranta na jiƙe a kofi,
ruwan Bolton na ta tsiyaya a taga, ba ya gajiya.
Na zauna kusa da injin wanki, shayina ya huce,
ina so in tura wa Yaya Tabawa
shafin da na samo kan kullutun da ta ji a ƙirji,
wanda daga ni sai Allah muka sani.

Na kwafo adireshin, sai ga shi ya miƙe
kamar igiyar rijiya mai gaba talatin.
Farkonsa na gane: sunan shafi, sunan ciwo.
Daga nan alamar tambaya ta tsuguna,
bayanta kuwa tarkace,
haruffa da lambobi sun cakuɗe
kamar sawun kaji a kan shanya.

Nazifi ne ya nuna min, autana,
ran Lahadi, bakinsa cike da burodi:
"Umma, abin da ke bayan ƙugiyar nan ba hanya ba ce,
ɗan rakiya ne.
Shi zai koma ya ce daga ina kika fito,
wa ya tura, wa ya buɗe."
Na ce, to wa ya aike shi?
Ya ɗaga kafaɗa. "Masu talla."

Ai na san danginsa.
Ina yarinya a Gumel, in na ratse ta gonar Malam Ɗanjuma,
ƙarangiya kan bi ni gida a gefen zane.
Inna ba ta tambaya.
Ta dubi ƙafata, ta san inda na je.
Amma ita uwa ce, ta goya ni.
Waɗannan ko sallama ba ta taɓa haɗa mu ba.

Bara na taɓa wani da aka turo min,
na takalmin masu ciwon gwiwa.
Wata uku takalmin nan yana bi na,
cikin labarai, cikin girke-girke,
har tsakiyar tafsiri sai ya leƙo
kamar mai bin bashi.
Takalmi ne, na yi dariya.
Ƙirjin yayata ba abin dariya ba ne.

Sai na ɗora babban yatsa,
na fara ci da baya.
Harafi, harafi, lamba, ƙaramin layi,
irin tsintar da ake wa shinkafa kafin a ɗora.
Na zo kan ƙugiyar, na cire ta ita ma.
Abin da ya rage bai kai tsawon ɗan yatsa ba.
Na gwada, ko na yanke jijiya.
Ya buɗe. Shafin nan dai, likitan nan dai.
Ashe duk jelar ba tawa ba ce,
kayan wasu nake dako kyauta.

Ban ce na kulle duniya ba.
Bango na da kunne, waya na da goma.
Amma in zan yi wa Misis Holroyd wanka
sai na ja labule,
ko da babu kowa a baranda,
ko da ita kanta ta manta mene ne kunya.
Ba a tambayar sutura wa ke kallo.

Na tura.
Alama ɗaya. Alama biyu. Suka yi shuɗi.
Ashe ita ma idonta biyu, can inda ba a ko yi kiran farko ba.

"Na gani," ta rubuto. "Kar Inna ta ji."

Ƙararrawar ɗaki na huɗu ta yi kuka.
Na kife wayar a aljihu,
na karkaɗe gefen rigata, sabo da yi,
na tafi.