Alli da Almakashi

Ƙarfe biyun dare a ɗakin gwaji.
Kumasi ta kwanta, firji kaɗai ke tari.
Na kafa ido a madubi,
ga su nan kore shar cikin ƙwayar halitta guda,
mitokondiriya, murhun da jiki ke girki a kai.
Jiya zare-zare suke, dogaye, riƙe da juna.
Ɗazu na ɗiga musu guba kaɗan,
sun watse kamar an ɓarar da tsabar wake.

Sai Baba Inusa ya faɗo mini,
telan Aboabo, mai keke baƙi a bakin kwata.
Ba ya ɗaukar almakashi sai ya ja alli.
Yakan ce, Fusena, alli ba ya yanka,
amma shi ke gaya wa ƙarfe hanya.

Ashe a can ciki ma haka ne.
Akwai furotin da ke zaune ba ruwansa,
a ɗiga masa fosfet a wani gurbi,
sai ya miƙe, ya kewaye ƙugun mitokondiriya
kamar zariyar wando,
ya ja, ya ƙara ja,
har ɗaya ta koma biyu.
A ɗiga masa a wani gurbin, ya naɗe hannu.
Shi ne dai. Wurin allin ne ya sauya.

Wani kuma dogo ne, ɗinki ne sana'arsa,
shi ke haɗa shafin ciki da shafin ciki.
Ranar da wutar murhu ta yi rauni
almakashi ya zo ya datse masa ƙafa,
ɗinki ya tsaya cak.
Alli a goge shi da yawu.
Yanka kuwa ba a goge shi.

Guntun da ya lalace
a manna masa alama, a kai shi bola,
don sauran riga ta sawu.
Na daɗe ina wa yanka kallon asara.

Da asuba na hau trotro zuwa gida,
warin sinadari a hijabina.
Na tarar da shi yana neman kafar allura,
hannun na rawa, zaren na kucce masa.
Na karɓa na zura.

Ya ce, wai me kike yi can har gari ya waye?
Na ce, ɗinki nake kallo, Baba.
Ya ce, telan yana awo kafin ya yanka?
Na ce, shekara uku ke nan ina bin sa,
ban gama gane tef ɗinsa ba.