Fikafikan Gora

Ni Renante, mai sassaƙa kwalekwale a gaɓar Gimaras,
na kan gane itacen da zai yi iyo tun yana tsaye a daji,
amma ban gane abin da ya riƙe ƙafafun Amihan ba.
Wata ashirin da shida. Sa'o'inta sun fasa kofuna, sun kori kaji,
ita tana nan inda aka ajiye ta,
kamar tulu a gindin bishiya.

Maƙwabta ba su rasa ta cewa ba.
Wata ta ce a binne ta zuwa ƙugu a yashin asuba,
wani ya ce daga dangin uwarta ne.
Kakarta Konsing ta kunna kyandir har coci ya san tarinta.
Ni dai ina fere katako,
wuƙa a hannu, wata wuƙar a zuciya.

Ran Laraba jirgin fito ya kawo Florabel daga Iloilo,
likitar gashin ƙashi, da jaka ɗaya da ƙwallo ya fi kabewa.
Ba ta ce kash ba. Ta tuɓe takalmi ta zauna a ƙasa,
ta lanƙwasa gwiwar yarinyar, ta miƙar, ta sake lanƙwasawa.
Ta ce, "Ƙafa tana nan, saƙo ne ke makara a hanya.
Kullum za mu aika shi
har ya san ƙofar kowace jijiya."

Ta koya mini abin da ban ɗauka aiki ba ne:
in kwantar da ita rub da ciki, in ajiye mangwaro
ɗani ɗaya gaba da inda yatsunta suka ƙare.
In riƙe ƙugu, kada in ja hannu.
In ƙirga goma kafin in kai ɗauki.
Goman nan ta fi mini tsawo
da daren da guguwa ta tsinke mana igiya.

Ta yi kuka. Ta cije ni a kafaɗa.
Akwai makon da muka koma baya kamar janyewar ruwa,
na cilla ƙwallon bayan ɗaki, na ce a bar ta haka.
Da dare Jobelin ta kira daga Hongkong,
inda take rainon 'ya'yan wasu masu tsere a kan bene.
Ta ce, "Nuna mini ƙafarta." Na haska da waya.
Muka yi shiru mu biyu, teku a tsakiya.

Da safe na dubi jirgin da ban gama ba.
Irin namu siriri ne, shi kaɗai kifewa yake,
sai an ɗaura masa gora dama da hagu
kafin ya tunkari ruwa,
kuma ba wanda ya taɓa kiransa gurgu.
Na saro gora biyu, na kankare, na kafa a tsakar gida
daidai hammatar 'yar ɗiya.

Kwana arba'in tsayuwa kawai, da lilo, da zubewa.
Yatsu suka riga ƙafa koyo:
cokali, kunnena, wutsiyar kyanwa.
Sai jiya, ba taro, ba mai kallo,
kaguwa ta fito daga ƙarƙashin kwando tana tafiyar gefe.
Amihan ta bi ta, gefe-gefe ita ma, hannu a gora.
Taku ɗaya, ta jawo ɗayar. Taku biyu.
A na uku ta zauna daɓas,
ta dube ni, ta fashe da dariya.

Florabel ta ce da saura,
wataƙila takalmin asibiti, wataƙila shekara.
Na ce to. Masassaƙi ya san ba a yi wa ɗanyen itace gaggawa.
Na kife ɓawon kwakwa a kan sawun nan biyu da rabi
kada kaji su tattake kafin uwarta ta gani.
Ruwan sama zai share su, na sani.
Gobe da asuba za mu sake tafiya.