Tsohuwar Masaƙa a Oldham

Ƙarfe uku na dare a Oldham,
ina jera kwalaye cikin dogon gini na jan bulo.
Maureen, mai riƙe da makullan ƙofa,
ta ce a nan kakarta ta kurumce.
Masaƙa ce a da, injuna suna tsawa,
mata na hira da leɓe, ba da murya ba.
Yau riguna ne cikin leda daga wata uwa duniya,
ni ke manna musu lamba.

Na ce mata ni ma ɗan masaƙa ne.
Ubana ya yi shekara ashirin da biyu a Kakuri,
yana dawowa da auduga a gira
kamar wanda furfura ta yi wa sammako.
Ranar da aka garƙama kwaɗo a ƙofar
ya shigo gida da kwanon abincinsa, ko buɗewa bai yi ba.
Har ƙasa ta rufe masa ido yana jiran haƙƙinsa.

Waya ta motsa a aljihu. Nazifi ne.
Can ko asalatu ba a kira ba,
amma ƙanena ba ya barci,
don babu abin da ya gajiyar da shi tun safe.
"Yaya, sun ce miliyan biyu,
takardar kama aiki har da hatimi."
Bara ma haka suka ce.
Wani mai malum-malum ya karɓi rabi a bayan sakatariya,
tun ranar lambarsa a kashe take.

Injiniya ne fa.
Karatun shekara biyar, yajin aiki ya mai da shi bakwai.
Ya zana injin a takarda ya fi sau ɗari,
bai taɓa kwance noti ɗaya ba;
na makarantar ya mutu tun yana goye,
an lulluɓe shi da tamfol, ana nuna musu daga nesa.

Ya yi bautar ƙasa, ya wanke kakin, ya ninke.
Kowace sanarwa: sai mai ƙwarewar shekara biyar.
A ina zai samo ta?
A tiya ake aunawa?

Na tura kuɗi, ya buɗe shagon walda.
Wuta ta leƙo awa biyu, ta koma.
Janareta ya sha riba, ya sha uwa,
masu haraji uku a mako, kowa da launin rasitinsa.
Ya sayar da injin ya biya haya.
Gona kuwa tana nan a ƙauye, ƙasa baƙa wuluk,
sai dai wanda ya je huɗa
dangi ne za su haɗa kuɗin dawo da shi.

Duk da haka wani zai hau rediyo
ya ce yaran yanzu zuciyarsu ta mutu,
shi da aka ajiye wa ɗansa kujera
tun yaron bai iya sa hannu ba.

Ni ɗin ma da nake ba da shawara,
digirina na cikin akwati, ƙarƙashin gadon haya,
yana jin sanyi tare da ni.

Maureen ta miƙo mini shayi.
Ta ce jikanta Kieran ma yana gida,
labule a sake har azahar,
ya cike takardu har ya daina faɗa mata.
Muka yi shiru, tururi na tashi tsakaninmu.

Ƙararrawa ta buga, bel ya fara tafiya.
Na ɗauki wata riga, an rubuta auduga zalla.
Na shinshina, ko zan ji ƙamshin hular babanmu.
Warin leda kawai.

Na danna waya da babban yatsa:
"Kar ka ba su ko sisi.
Zan kira ka in na tashi."
Saura awa huɗu
in nemo abin da zan ce masa.