Kamu Ɗaya

Shekarar da na fara karɓar aiki da sunana,
Hamusu mai gyaran agogo ya kira ni Zango.
Bayahude ne, mutumin Tarabulus,
Hausarsa da gishirin Larabci.
Ya ce, "Lawali, yaɓe mini zauren nan,
ka sa makuba, ka yi zane irin na ubanka,
amma daura da ƙofa ka bar kamu ɗaya
tsirara."

Na ɗauka kuɗi ne suka gaza.
Na ce, "Bari in cike, ba sai ka biya ba."
Ya cafke mini wuyan hannu.
Yatsun da ke tsintar ƙusa kamar ƙwayar gero,
ashe akwai ƙarfi.

"Muna da wani Ɗaki da aka rushe
tun kakannin kakanni.
Daga ranar ba ma ƙarasa gida."

Na bar masa.
Magina suka yi ta mini dariya a Birni,
wai ɗan Tankari ya ɗinka riga ya manta wuya.

Da marka, gero na fid da kai,
na koma gyara masa indararo.
Shago a rufe.
Na leƙa: yana zaune a ƙasa, ba tabarma,
ya tuɓe takalman fata, a garin dukawa,
bakinsa ya bushe, ga randa cike a gefensa.
Na yi sallama, ya amsa da ido kawai.
Agogo talatin na bugawa a kansa,
kowanne da nasa lokacin,
shi kuwa yana karatu daga dama zuwa hagu kamar mu,
da murya irin ta mai lallashin jariri
wanda ya san ba zai yi barci ba.

Can ya rufe littafin, bai daina ba.
Mas'uda.
Huwato.
Gazala.
"Waɗannan ba sa cikin takarda," in ji shi.
"Lokacin yaƙi soja suka loda mu a mota
zuwa wani dutse, Jadu.
Yunwa, sanyi, zazzaɓin ƙwarƙwata.
Ina da shekara goma sha uku.
Da kwanon cin abincina na haƙa wa Gazala.
Ita ce ƙarama, ramin bai ɗau lokaci ba."

Na lalubi "sai haƙuri" a bakina,
na ji ta yi ƙanƙanta, kamar a rufe rijiya da faifai.
Sai na tuɓe nawa takalman
na zauna.
Ruwa ya sauko, indararon da ban gyara ba
ya yi ta zuba mana a ƙofa.

Washegari na gan shi a kasuwar Dole
yana ciniki kan tumatir kamar zai yi dambe.
Ranar auren ɗiyarsa ango ya take kofin gilashi,
mata suka ce asara,
Hamusu na dariya, gemunsa jiƙe.
Ya sa wa jikarsa Gazala.
Na ga yarinyar tana auna tsawonta
da wannan gurbin bango, shekara bayan shekara,
har ta wuce shi.

Yanzu yana kwance bayan duwatsu, shi kaɗai.
Danginsa sun watse ƙasashe.
In na bi ta wajen nakan ɗora tsakuwa,
haka ya ce suna yi.
Damagaram ba ta rasa tsakuwa.

Zauren ya koma shagon cajin waya.
Bara mai shi ya ce a shafe da siminti, a yi fenti.
Jikana ke aikin, ni ina kan kujera da sanda.
Da ya iso daura da ƙofa na ce, "Tsaya nan."
Mai shago ya zabge mana jaka biyu a lada.

Jiya na wuce.
Zanzaro ya kama gini a gurbin,
yana kai laka, yana dawowa.