Ɗaurin Talle

A Sinnar, ƙasa da madatsa, nake da rumfa,
tsakanin mai gyaran rediyo da Nafisa mai shayi.
Mutane kan kawo agogo, su tarar ina shafa gora,
su ce Mudi ya tsufa, wasan yara ya koma.
Na kan bar su da faɗa.

Sandunan fatsa goma sha bakwai ke jingine a bangona.
Guda daga Kosti, cikin tarkacen wani Bagirke da ya rufe kanti,
guda a kasuwar Omdurman, ɗaure da karyayyun laima,
kuɗin goro na biya.
Guda kuwa wata tsohuwa ke kakkaɓe saƙar gizo da ita,
na ba ta tsintsiya sabuwa, ta bi ni da addu'a,
tana tausayin hankalina.

Kada ka ce gora gora ce.
Mirgina ta tsakanin yatsunka, ka ƙirga:
tsagi shida aka fere, aka manne,
ba inda gaɓa ta zauna kusa da gaɓa.
Ta nan nake gane hannu,
ta launin siliki, ta nauyin tagullar mahaɗa,
ta ragowar haruffan da zufa ta lashe
sai na jiƙa yatsa na goga su fito.

Da fasasshiyar kwalba nake kankare tsohon mai,
a hankali, kamar mai aske jinjiri.
Inda ta doro, in ɗora ta bisa garwashin Nafisa.
An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Wanda ya faɗa bai san gora ba:
shekara tamanin, ta ji ɗumi, ta miƙe.

Ran wata Alhamis wani yaro daga Maiwurno
ya kawo guda cikin buhun dawa.
Gajera, mai tauri, da kwarkwaronta ya ci tsatsa.
A mariƙi sunan wani Bature, rabi ya goge.
Na bi zobban ɗaya bayan ɗaya,
a na uku numfashina ya tsaya.

Wannan ba siliki ba ne.
Zaren audugar Jazira ne, an shafe shi da ƙaro,
baƙi, kauri, mummuna,
ƙulli biyu gaba, ɗaya ya koma baya ya ciji kansa.
Na san ƙullin nan.
Da shi ake ɗaure akuyar gidanmu,
da shi ake ɗinke koma,
da shi kakana Talle ke ƙulle mazagin wandona
in sha wuya kafin in kwance.

Shi ke tuƙa wa mutanen madatsa kwalekwale.
Su jefa, shi ya nuna inda giwan ruwa ke kwana.
Mai sanda ya bar suna a mariƙi,
Talle ko alif bai iya ba.

Ustaz Babikir, mai saye daga Khartum,
ya juya ta a haske ya ce, yanke wannan datti,
ka sa siliki, kuɗinta ya ninka.
Reza na hannuna.
Shayina ya huce, Nafisa ta sake zubawa, ya sake hucewa.
Na gyara zobba huɗu da jan siliki mai sheƙi,
na ukun na tsallake shi.
Babikir ya tafi bai yi sallama ba.

Bayan la'asar na gangara inda ruwa ke tafasa.
Jifa ɗaya, jifa biyu, kwarkwaro na kuka.
A na bakwai wani abu ya fizga daga ƙasa,
gora ta rusuna har tana sumbatar Nilu.
Na ji tas!
Zobe na biyu, aikina na kwana uku,
ya yi tsalle ya faɗa kogi.
Kifi ya tafi da ƙugiya, bai ko nuna baya ba.

Na zauna kan dutse ina dariya ni kaɗai,
jan siliki na lilo a iska,
zaren Talle ko gezau.