Ɗigo Mai Wutsiya

A Todmorden nake sassaƙa dutse,
shekara talatin da ɗaya,
sunayen waɗanda suka riga mu kwanciya.
Harafi-harafi nake caji.
Aya da waƙafi kyauta ne.

Ran Talata, ruwa na tsiyaya kamar kullum,
'ya'yan Enoch Sugden suka shigo,
mai kayan lambun nan na bakin gada
da ya rasu da guntun alli a aljihu.
Hilda a gaba, malamar Turanci mai ritaya,
Clive a baya, direban bas, hula a hannu.
Sun yarda da suna, sun yarda da shekaru.
Layi na uku ne ya haɗa su:
"Ya sayar da tuffa shekara arba'in."

Kowa a garin nan ya san allon Enoch.
In ya rubuta tuffa, ko dankali, ko albasa,
sai ya rataya ɗan ɗigo mai wutsiya
can sama, kafin harafin ƙarshe,
kamar mai shanya safa a igiya.
A Turanci kuwa ɗigon nan na mallaka ne.
Ba "tuffa da yawa" yake rubutawa ba,
"na tuffa" yake rubutawa.

"Na tuffa me?" in ji Hilda.
"Gidan tuffa? Matar tuffa? Bashin tuffa?
Tun ina 'yar shekara tara
nake lasar yatsa ina goge shi,
kafin in taso makaranta ya mayar."

Clive ya ce, "Wa ya taɓa zuwa sayen tuffa
ya koma gida da kabeji?
Magana ai don a gane ake yin ta."
"To ka daina tsayawa a jar wuta,
tunda kowa ya gane inda ka nufa."
"Ke da kika gyara wa fada huɗuba
akwatin Baba na gabanki?"
"Turanci 'ni' biyu gare shi.
Ya ɗauki wanda ba nan ne wurinsa ba."

Ni dai ban sa baki ba.
Na ga wadda ta yi wata uku tana gaba da ƙanwarta
a kan waƙafi ɗaya kafin "da".
Shayi ya huce a kofi.
Suka fita, kowa da laimarsa,
ba wanda ya ba da kafin alƙalami.

Ran Juma'a, ina laluben makulli,
sai ga Hilda ita kaɗai,
allon a hammata, naɗe cikin leda.
Rubutun ƙarshe na nan:
farashin tuffa, da ɗigon,
ya ɗan karkace hagu
don hannun ya soma rawa.
"Wannan ban samu na goge ba," ta ce.
"Ranar ban biyo ta gada ba."

Ta daɗe tana kallon ƙasa.
"Ka sassaƙa shi haka, har karkacewar.
Kada Clive ya ji ni na ce.
Kuskure ne fa. Har gobe kuskure ne."
Na ce na ji.
A bakin ƙofa ta tsaya
gaban takardar da na manna ta lokutan aiki,
ta zaro jan biro, ta ja layi biyu,
ta tafi ba sallama.

Na ba ɗigon rabin yini.
Na nutsa shi ya fi haruffan zurfi,
gansakuka ba ta da kunya a ƙasar nan.

Wata Lahadi na je duba wani dutse da ya jirkice,
na hango ta durƙushe, jaka a gefe.
Ta waiga dama, ta waiga hagu,
ta lashi yatsa
ta murza, ta murza.
Sannan ta gyara zaman furannin,
ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa.