Fensirin Orval

Ƙarfe goma na dare a Duluth,
injin wanki goma sha biyu na juya kayan mutane,
ni ina kujerar roba kusa da na bakwai,
wanda ya fi sauran ɗumi,
littafi a cinya.

A waje tafki ya daskare har gindin gada,
jiragen dakon tama sun kwanta sai ƙanƙara ta saki.
Ba mai shigowa sai 'yan jami'a
da wani direban tasi da safa kaɗai yake wankewa.

Dala ɗaya na saye shi
ranar da laburare ya yi gwanjon tsofaffi.
Marubucin ya rasu tun ba a haifi kakata ba,
amma in ya buɗe baki
sai tawul ɗin mutane su kwana ba a ninke ba.
Jumlarsa jirgin ƙasa ce mai dakon alkama:
ka tsaya a mararraba kana ƙirga taragu
har ka manta inda ka nufa.

A shafi na arba'in da ɗaya na gane ba ni kaɗai ba ce.
Wani ya riga ni, da fensir,
haruffa a karkace kamar shinge bayan guguwa:
"Ƙarya yake. Ba manomin da zai sayar da alfadari ana gobe shuka."
Na yi dariya har direban tasi ya waiwayo.
A bangon baya ga katin aro:
Orval Stenmark, sau huɗu, hunturu huɗu a jere.

Daga nan muka zama mu uku.
Marubuci ya faɗi tasa, Orval ya ƙi,
ni in raba gardama.
Inda matar ta tsaya a tasha da akwati
jirgi ya zo, jirgi ya tafi, ba ta hau ba,
Orval ya ja layi biyu, bai ce uffan ba.
Ni ma ban ce ba.
Na tashi na zuba sabulu a injin da babu kaya.

Na bi sawunsa shago shago.
Na same shi a littafin wata marubuciya 'yar Kudu
wadda ke sa ka gumi ana tsakiyar sanyi.
Ya rubuta: "Wannan ta san mutane. Tsoronta nake ji."
Ita ce tawa har gobe.
Shi mai alfadarin ya fi so, duk da faɗan da suke,
dama tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Daren wata Talata tsohuwa ta shigo da bargo,
injin gidanta ya mutu.
Ta zauna kusa da na bakwai, ita ma ta san ɗumi.
Ta leƙa shafin, ta cire tabarau, ta mayar.
"Wa ya ba ki rubutun mijina?"

Verna sunanta.
Shekara talatin yana jirgin tama, in ji ta,
in tafki ya rufe ya dawo gida
ya zauna a kicin yana faɗa da matattu.
"Ni bai taɓa rubuto mini wasiƙa ba. Ko ɗaya."

Na buɗe mata wurin tashar,
layi biyun nan.
Bargonta ya bushe, injin ya yi kuka ya tsaya,
ba ta tashi ba.
"Na taɓa haɗa akwati," ta ce. "Ashe ya sani."

Na miƙa mata littafin, ta ture hannuna.
"Idona ya gaji. Karanta mini, daga farko,
har da abin da ya ce."

Yanzu duk Talata tana zuwa
da bargon da ba ya bukatar wanki.
Muna babi na tara.
Alfadarin dai an sayar,
kuma Verna ta ce marubucin ne da gaskiya.